Bayanan masu amfani da manhaja: mene ne su, kuma me Bankak ta koyar a Khartum?

Duk lokacin da mutum ya buɗe manhaja a wayarsa yakan bar sawu: maɓallin da ya danna, minti nawa ya ɗauka, da inda ya gaji ya fita. Wannan sawun shi ake kira bayanan ɗabi'ar masu amfani. Masu ƙera manhaja suna tara shi don su gane abin da mutane ke yi a zahiri, domin sau da yawa yakan saɓa wa abin da aka yi zato.

Yadda ake aiki da su

Hanyoyi uku ne suka fi shahara. Ta farko ita ce ƙidayar matakai. Idan mutane da yawa suka fara buɗe asusu amma suka watse a wurin ɗora hoton katin shaida, an gano inda matsalar take. Ta biyu ita ce gwajin siga biyu: a nuna wa rabin jama'a fasali ɗaya, sauran kuma wani daban, a riƙe wanda ya fi sauƙaƙa aiki. Ta uku ita ce zama kusa da mai waya a kalli yadda yake fama. Alƙaluma suna nuna inda aka tsaya, amma sai an kalli mutumin ake sanin dalili.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi a Afirka shi ne M-Pesa ta Kenya. A gwajin 2005 an tsara ta ne don biyan ƙananan basussuka, sai aka lura mutane na tura wa juna kuɗi da ita. Da kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2007, sai ya gina ta a kan aika kuɗi gida. Haka ma Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015 domin masu ƙananan wayoyi da intanet mai rauni.

Abin da ya faru a Khartum

A Sudan manhajar da ta fi shiga rayuwar jama'a ita ce Bankak ta Bankin Khartum, wadda ta fara a 2014 da sunan mBOK. Akwai kuma Fawry ta Bankin Musulunci na Faisal da O-Cash ta Bankin Ƙasa na Omdurman. Bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023, rassan bankuna a babban birnin sun rufe, takardun kuɗi suka yi wuya, sai Bankak ta zama aljihun bakanike a Mantiƙa Sinaiya, da ɗan kasuwa a Suk Libya ta Omdurman, da iyalin da ke jiran taimakon ɗan'uwa daga Saudiyya.

Ɗabi'u uku sun fito fili, kuma kowace darasi ce ga mai ƙera manhaja.

Na ɗaya, shaidar biya. Mai saye yakan nuna hoton sanarwar tura kuɗi, wadda ake kira "ish'ar", mai kaya ya sallame shi. 'Yan damfara sun koyi ƙirƙirar na jabu. Ke nan mai karɓa yana bukatar hanyar tabbatarwa cikin sauri daga nasa asusun.

Na biyu, asusu ɗaya yakan yi wa mutane da yawa hidima. Wanda ba shi da asusu yakan karɓi kuɗi ta hannun maƙwabci ko mai shago, kuma a wurare da dama sai an cire wani kaso kafin a ba shi tsaba. A alƙaluma mutum ɗaya ake gani, alhali layi guda ne ke bayansa.

Na uku, yankewar sadarwa. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke a yawancin ƙasar. Ɗakunan girkin sa-kai da ake kira takaya, waɗanda ke karɓar gudummawa ta Bankak, da yawansu sun dakatar da aiki, jama'a kuma suka koma biyan kuɗi a wuraren Starlink don su duba asusu.

Iyakar alƙaluma

Manhaja tana ƙidaya wanda ya samu ya shiga ne kawai. Tsohuwar da ba ta karatun Larabci, ko Bahaushen unguwar Mayo da ba shi da lambar ɗan ƙasa, ba za su bayyana a rahoto ba, alhali su ne gyaran ya fi shafa. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa ƙidaya da tattaunawa da mutane ido da ido.

Haƙƙin mai waya

Bayanan da ke gyara manhaja suna iya tona inda mutum yake da wanda yake hulɗa da shi, abin da ke da haɗari a lokacin yaƙi. Nijar ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2017, Najeriya a 2023, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da tata a 2018. Ƙa'idar da suka yi tarayya a kai ita ce a tara abin da ake bukata kaɗai, a kuma sanar da mai shi. Kafin ka amince wa manhaja ta ga lambobin wayarka ko wurin da kake, duba ko aikinta na bukatar haka. Kada kuma ka saki kaya a kan hoton sanarwa sai ka ga kuɗin a asusunka.