Kasuwar Wadata ta Yamai da hanyar Filinge: tarihin wata kasuwar bakin gari da ƴan hayarta

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu bibiyi tarihin kasuwar Wadata, wadda aka kafa a gefen birnin Yamai, wajen da hanyar Filinge take fita daga gari. Tambayarmu guda ce: me ya sa kasuwar da aka yi domin zaman wucin gadi ta dawwama fiye da shekara 40? A ganinmu amsar tana ga hanyar da ta ratsa kusa da ita, da kuma mutanen da hanyar take kawowa daga Tagazar da Imanan da Kurfai. Za mu duba asalin kasuwar, da abin da sunaye suke nunawa, sannan mu rarrabe ire-iren masu zama cikinta.

2. Asalin kasuwar

A shekarar 1982, zamanin mulkin Seyni Kountché, gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai. Da yake sake gina ta aiki ne na shekaru, sai hukuma ta nema wa ƴan kasuwa fili a bakin gari, ta zaunar da su can. Wannan shi ne mafarin Wadata. A 1987 aka buɗe sabuwar babbar kasuwa, aka danƙa ta ga kamfanin SOCOGEM. Wuraren cikinta ƙidayayyu ne, kowane da lambarsa da kuɗin hayarsa. Masu hali suka koma tsakiyar gari. Waɗanda ba su sami wuri ba, ko jarinsu bai kai ba, suka ci gaba da zama inda aka ajiye su.

Abubuwa biyu suka ƙarfafa wannan zama. Na farko shi ne babbar tashar mota da aka kafa daf da kasuwar. Na biyu shi ne yaɗuwar garin kansa: Yamai tana da mutum wajen 400.000 a ƙidayar 1988, ta haura miliyan 1 a ƙidayar 2012. Unguwanni suka zagaye wurin da a da yake bayan gari. A farkon shekarun 1990 kuma aka gina cibiyar masu sana'o'in hannu ta Wadata da taimakon ƙasar Luksambur, inda dukawa da maƙeran azurfa da maɗinka suka sami shaguna.

3. Abin da sunaye suke nunawa

Ga mai nazarin harshe, sunayen kasuwannin Yamai shaida ce ta tarihi. Tsofaffin kasuwanni biyu na tsakiyar gari sunayensu na Zabarmanci ne: Habu Bene, wato kasuwar sama, ita ce Grand Marché, Habu Ganda, kasuwar ƙasa, ita ce Petit Marché, wadda gobara ta cinye a 2012. Amma Katako da Wadata kalmomin Hausa ne, haka ma sunayen unguwanni kamar Zango da Bukkoki da Sabon Gari. Unguwar Lazaret kuwa, inda aka tsugunar da waɗanda farin 1973-1974 ya koro, sunanta ya zo daga Faransanci.

Ba mu ce duk wurin da ke da sunan Hausa Hausawa ne suka kafa shi ba. Abin da muke iya cewa shi ne, a garin da Zabarmanci yake harshen ƴan ƙasa, Hausa ta zama harshen baƙo da na ciniki, har hukuma da talakawa suka ga ya dace sabon wurin saye da sayarwa ya ɗauki suna daga gare ta.

4. Hanyar Filinge

Hanyar tana da tsawon kilomita wajen 180 daga Yamai zuwa Filinge. Tana bi ta Baleyara, cikin Tagazar, inda kasuwar Lahadi ta shahara da dabbobi. Daga nan ta bi kwarin Dallol Boso ta ratsa Bonkuku, hedkwatar Imanan. Sannan ta kai Filinge, inda Faransawa suka kafa bariki a farkon ƙarni na 20, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya bisa sarautar Kurfai.

Wannan yanki mahaɗar harsuna ce. Kurfayawa Hausa suke yi, da karin harshen yamma, inda ake cewa "hwara" da "tahi" a maimakon "fara" da "tafi". Abzinawan Imanan sun sauka kwarin tun farkon ƙarni na 19, suka zauna cikin manoma masu jin Zabarmanci. Henri Guillaume ya yi nazari a kansu a 1974. Saboda haka wanda ya taso a wannan yanki sau da yawa yakan iso Yamai da harsuna biyun da kasuwa take buƙata. Wannan jari ne ko da aljihu babu ko tamma.

Hanyar tana kawo dabbobi da wake da dankalin turawan da aka san Bonkuku da shi. Tana kuma kawo mutane: ƴan cin rani da suke saukowa bayan girbi su koma da faɗuwar damina, da waɗanda farin 1984-1985 ya raba da garkensu, ba su sake komawa ba. Mai saukowa daga mota a tasha, kasuwa ce wurin farko da yake neman abin yi.

5. Ire-iren ƴan haya

Muna iya raba masu zaman kasuwa irin wannan gida huɗu. Na farko su ne masu shagon gini, waɗanda suke da takardar haya kuma suna biyan kuɗin wata. Na biyu masu rumfa. Na uku ƴan tebur da mata masu shimfiɗa kaya a ƙasa, waɗanda suke yankar tikiti kullum. Na huɗu su ne waɗanda ba su da wuri ko kaɗan amma kasuwa ba ta ci sai da su: ƴan dako, ƴan talla, dillalai, da ƴan kamashon tasha.

Waɗannan gidaje ba a rufe suke ba. Ɗan dako yakan zama ɗan tebur, yaron shago yakan sami jari daga ubangidansa ya buɗe nasa. Akan kuma gangaro: karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, da rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sun fi taɓa masu sayar da kayan waje da ƙaramin jari. Akwai kuma wani abu da takardu suke ɓoyewa: sau da yawa mai sunan da ke bisa takardar haya ba shi ne zaune cikin shagon ba, ya ba wani haya ne a kan kuɗin da ya fi wanda yake biya.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna fitar da darasi guda game da hanyar bincike. Wanda ya rubuta tarihin Wadata daga rajistar hukuma kaɗai, tarihin gida na farko zai rubuta, alhali sauran gidaje ukun su ne suka haɗa kasuwar da ƙauyukan Imanan da Kurfai. Lamarin bai tsaya ga ilimi ba. Duk ranar da kasuwa ta ƙone ko aka tashe ta, rajista ake buɗewa a raba sabbin wurare, wanda babu sunansa a ciki kuma sai ya koma bakin titi.

Don haka muna kira ga ɗalibanmu, musamman ƴan wannan yanki, da su ɗauki maganar dattawan da suka ga ƙaurar 1982 da idonsu, cikin Hausa da Zabarmanci, su rubuta ta yadda aka faɗe ta, da karin harshen mai maganar. Wanda yake da shekara 30 a lokacin gobarar yau ya haura 70.