Ɗan Duban Ƙarya Da Ƙaryarsa Ta Tabbata



A 1848, Maggie da Kate Fox, 'yan mata biyu a jihar New York ta Amurka, suka ce matattu na amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa. Jama'a suka yi ta tururuwa. Sai a 1888 Maggie ta tona asiri: yatsun ƙafarta take lanƙwasawa su yi ƙara. Marubutan can sun daɗe suna cin moriyar irin wannan damfara, har suka juya ta: macuci ya wayi gari abin da yake ƙarya da shi ya tabbata.

Ku dubi fim ɗin Ghost na 1990. Oda Mae Brown ta saba wanke masu makoki, amma ranar da ta ji muryar Sam mamaci, ta fi kowa firgita. Rawar nan ce ta ba Whoopi Goldberg kyautar Oscar. A Harry Potter kuwa, Malama Trelawney da ake rainawa sau biyu ta faɗi abin da ya tabbata, kuma ba ta ma san ta faɗa ba.

Mu fa, bokan littattafanmu tun shafin farko yake da iko. Ina jiran wanda zai rubuto mana bokan da aikinsa ya tsorata shi.