Waƙar Mu'azu Haɗeja a Kan Majigi

Malamin Hausa da ya haska baitocin Mu'azu Haɗeja da majigi a wani aji a Kafin Hausa ya shiga wata tsohuwar magana, ko bai sani ba. Marubutan ajami sukan saƙa sunansu a baitocin ƙarshe, domin waƙa tana yawo daga hannun mai kwafi zuwa wani, kuma sunan shi ne abin da marubuci ke tsoron ya salwanta. Kuɗi ba su cika shiga lissafin ba.

Ɗab'i ne ya kawo su. Dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911 ta fara aiki a Nijeriya a 1912, ita ce kuma ke ci lokacin da aka buga waƙoƙin Mu'azu a Zariya. Dokar soja ta 1970 ta maye gurbinta, ta 1988 ta kafa hukumar kula da haƙƙin, sannan Buhari ya sa hannu a kan ta 2022 a Maris 2023.

Wannan ta ƙarshe ta yi wa malami sassauci: yana iya ɗauko wani yanki don koyarwa, muddin ya ambaci mai aikin kuma bai kashe masa kasuwa ba. Kwafe diwani sukutum a sayar wa ɗalibai ya fita daga wannan rangwame, ko da an kira shi taimako.

Kariyar rubutu tana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Mu'azu ya rasu a shekarun 1950, don haka wa'adinsa ya faɗo cikin shekarun 2020. Hoton fadamar Haɗeja da malamin ya sauko da shi daga intanet don ƙawata shafin farko kuwa, mai yiwuwa mai shi yana raye.