Daga Banju Zuwa Tukunyar Matsafa: Asalin Maganin Barci a Duniyar Labari

Duk mai karanta littattafan tsafi da jarumta, ko mai kallon finafinansu, ya san wannan wuri. Matsafi na tsaye a kan tukunya tana zaɓaɓɓaka, ya jefa saiwa, ya ɗiga ruwan wani fure, ya juya da muciya sau kaza, launin ruwan ya sauya. A littafin farko na Harry Potter, wanda ya fito a 1997, an ambaci wani haɗi mai sa wanda ya sha ya zama kamar gawa alhali yana da rai. A littafi na shida, na 2005, har an nuna ɗalibai suna gasar dafa shi a aji. Ko a wane labari aka tarar da irin wannan magani, halinsa ɗaya ne: yana kama mutum nan take, yana kwantar da shi har a ɗauka ya mutu, sa'an nan ya tashi garau idan lokaci ya cika ko aka ba shi makari. Ba marubutan zamani suka ƙago waɗannan siffofi ba. Buri ne na likitocin da, wanda suka shafe kusan shekara dubu biyu suna nema bai samu ba, masu ba da labari suka karɓa suka cika musu shi da baki.

Tun a waƙoƙin Girkawa akwai alamarsa. Medea, matsafiyar nan, ta yayyafa wa macijin da ke gadin fatar rago ta zinariya wani jiƙo har barci ya kwashe shi. Amma tushen da ya fi ƙarfi yana hannun masu magani. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, wani likita Bagirke mai suna Dioskorides ya rubuta littafi a kan tsirrai kusan 600, ya kawo bayanin wata saiwa da ake kira mandaragora, wadda Larabawa ke ce wa yabruhu. Ya ce ana dafa ta a cikin giya a ba wanda za a yanka ko za a yi wa lalas, don kada ya ji zafi. Saiwar kan rabu biyu daga ƙasa kamar ƙafafun mutum, wannan kama kuwa ita ta jawo mata camfi iri-iri. Aka ce tana ƙwalla ƙara idan an tumɓuke ta, wanda ya ji ya mutu, saboda haka sai a ɗaura ta a jikin kare ya finciko ta. Wannan camfi bai mutu ba, domin shi ne ya sake ɓullowa a littafi na biyu na Harry Potter, inda ɗalibai ke toshe kunne kafin su taɓa shukar.

Mayaƙa ma ba su bar ta ba. Marubucin Rumawa Frontinus ya kawo labarin Maharbal, kwamandan Kartaj, wanda ya yi kamar ya gudu ya bar sansaninsa da tulunan giya da aka gauraya da mandaragora. Abokan gaba suka sha suka zube, ya dawo ya same su kwance.

A ƙarni na biyu aka fara ɗinka wannan ilimi da zaren labarin da muka sani yau. Apuleius, haifaffen wani gari da ke cikin Aljeriya ta yanzu, ya ba da labarin matar uba da ta aika bawa ya sayo guba don ta kashe ɗan mijinta. Likitan da aka je wurinsa bai yarda da bawan ba, sai ya ba shi mandaragora a maimakon guba. Ɗanta na cikinta ne ya sha bisa kuskure, aka binne shi, daga baya likitan ya tona asiri a gaban alƙalai, aka buɗe kabari aka tarar yaro yana farkawa. A wani labarin Girkanci na wajen wannan zamani, wata budurwa mai suna Antiya ta roƙi likita guba don ta kuɓuta daga auren da ba ta so, shi ma ya ba ta maganin barci, ta farka a cikin hubbare. A labaran biyu duka likita ne ke riƙe da sirrin, kuma tausayi ne ya sa shi musanya mutuwa da barci.

Littafin Dioskorides ya shiga Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara, Hunainu ɗan Ishaƙa ya duba fassarar ya gyara. Ibn Sina, a cikin Alƙanun da ya kammala a 1025, ya jero abubuwan da ke kashe jin zafi, ya sa ofiyom a kan gaba wajen ƙarfi, sa'an nan yabruhu da banju da wasu. Banju a asali tsiro ne, ɗan'uwan zaƙami, kuma shi ne ya zama sarkin magungunan barci a hikayoyin Larabawa. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya, wanda Hausawa suka samu a harshensu tun zamanin Turawa, ya san ba a tafiya mai nisa a cikinsa ba a ci karo da banju ba. Matar wani sarki da aka mayar da rabin jikinsa dutse, kullum dare sai ta zuba masa banju a abin sha, ta fita sha'aninta, da asuba ta dawo ta turara masa wani abu a hanci ya farka. Zubaida, matar Haruna Rashid, ta sa an ba ƙwarƙwararsa, Ƙutul Ƙulubi, banju saboda kishi, aka sa ta a akwati aka kai maƙabarta aka rufe. Ganimu ɗan Ayuba, da dare ya rutsa da shi a wurin, ya tono akwatin, iska ta buge ta, ta yi tari ta amayo guntun banjun ta farfaɗo. Shi kansa Haruna Rashid ya jefa wa Abul Hasan banju a ƙoƙo, aka ɗauke shi zuwa fada, ya farka ya tarar ana ce masa Sarkin Musulmi.

A nan ne nake ganin labari da likitanci suka fi kusantar juna. A fassarar Faransanci ta Antoine Galland, wadda ta fara fitowa a 1704, da aka tashi farkar da Abul Hasan, soso aka tsoma a ruwan khal aka kara masa a hanci. To, haka nan littattafan tiyata na wancan zamani suka koyar. Akwai abin da ake kira soson barci, wanda bayaninsa ya bayyana a rubuce-rubucen Turai tun ƙarni na tara, kuma Teodoriko, wani limamin coci mai aikin tiyata a Italiya, ya yi masa cikakken bayani a ƙarni na 13. Ana jiƙa soso da ruwan ofiyom da mandaragora da banju da wasu ganyaye, a shanya a rana. Ranar aiki a tsoma shi a ruwan zafi a ɗora wa majiyyaci a hanci, in an gama kuma a kawo wani soson mai khal don a tashe shi. Mai ba da hikaya a kasuwar Alƙahira ko Dimashƙa bai ƙirƙiri kome ba a nan, abin da ya ji likitoci na yi ya ɗauka. Abu ɗaya kawai ya ƙara, shi ne cewa maganin na aiki kowane lokaci.

A gaskiya kuwa ba ya yi. Sinadaran da ke cikin waɗannan tsirrai ba sa tashi su bi iska, saboda haka shaƙar soson ba ta isa ta gusar da hankali ba, sai fa in ruwan ya ɗiga ya shiga hanci ko baki. In kuma aka shayar da mutum, sai a shiga wata matsalar da ta fi wannan. Ƙarfin saiwa yakan bambanta daga wannan shuka zuwa waccan, daga damina zuwa rani, kuma tsakanin abin da zai sa barci da abin da zai kashe ba nisa. Guy de Chauliac, babban likitan tiyata na Faransa, ya yi gargaɗi a littafinsa na 1363 cewa waɗanda ake shayarwa da ofiyom kafin yanka wasu kan zautu, wasu su mutu. Shi ya sa likitoci da yawa suka gwammace su sa ƙarti su danne mutum, su yi aikin da sauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maɗori yana gyaran karaya ya san irin kukan da ake magana a kai, ya kuma san dalilin da zai sa mutane su yi ta mafarkin wani ƙoƙo da za a kurɓa a huta.

Daga Italiya labarin mutuwar ƙarya ya sake ɗaukar hanya. Boccaccio, a tsakiyar ƙarni na 14, ya kawo likitan Salerno da ya haɗa ruwan barci don wanda zai yi wa aiki a ƙafa, sai kwarton matarsa ya shanye da ƙishirwa, aka cusa shi a akwati ana zaton ya mutu. Masuccio a 1476 ya mayar da zancen na masoya biyu da malamin coci mai haɗa magani. Luigi da Porto ya ba su sunayen Romeo da Giulietta, daga nan labarin ya bi ta hannun Bandello da Arthur Brooke har ya iso ga Shakespeare wajen 1595. A wasansa, malamin cocin ya faɗa wa Juliet cewa jijiyarta za ta daina bugawa, numfashi ya ɗauke, jiki ya sandare, na tsawon awa 42 daidai. Babu tsiron da zai yi haka mutum ya tashi. Amma wannan ƙidaya ta awa tana nuna abin da ake kwaɗayi: barcin da za a auna, a san shigarsa, a san fitarsa.

Can gabas ma neman bai tsaya ba. Sinawa na ba da tarihin Hua Tuo, wanda ya rasu wajen shekara ta 208, cewa yana shayar da wani gari a cikin giya ya buɗe ciki ya yi aiki. Sarkin yaƙi Cao Cao ya sa aka kashe shi, haɗin ya ɓace tare da shi. Wani likita Bajafane, Hanaoka Seishu, ya ƙudura sai ya gano shi. Ya yi shekara wajen 20 yana gwaji, zaƙami ne ƙashin bayan haɗinsa. Mahaifiyarsa da matarsa Kae suka miƙa kansu ya gwada a jikinsu, Kae ta rasa ganinta a sanadin haka. Ranar 13 ga Oktoba 1804 ya kwantar da wata mata 'yar shekara 60 mai ciwon dajin nono, ya yanke ƙarin tana barci. Wannan shi ne aikin tiyata na farko da aka tabbatar a rubuce an yi shi majiyyaci na cikin cikakken barcin magani. Haɗin nasa kan ɗauki awoyi kafin ya kama, wasu awoyin masu yawa kafin ya saki. Idanun Kae su ne kuɗin da aka biya, kuma ban taɓa ganin littafin tsafin da ya sa irin wannan farashi a kan tukunyarsa ba.

Ranar 16 ga Oktoba 1846, a wani asibitin Boston ta Amurka, William Morton ya shaƙa wa majiyyaci iskar etar aka cire masa ƙari a wuya bai ji yankan ba. Shekara guda bayan haka James Simpson ya fara aiki da kulorofom a Edinbara. Daga nan barcin da ake aunawa ya koma hannun asibiti, saiwa da soso suka zama tarihi. Maganin barci na labari bai mutu ba, sai dai ya yi ƙaura. Tunda ya daina zama sirrin likita, sai ya tare gaba ɗaya a ƙasar tsafi: gonar furanni mai sa barci a labarin Oz na 1900, rafin dajin Mirkwood da ya kwantar da Bombur kwana da kwanaki a littafin Tolkien na 1937. Hankalin marubuta ma ya juya. A Dare Dubu da Ɗaya ba wanda ya damu da yadda ake haɗa banju, ana zaro shi ne daga aljihu kawai, abin da ake bi shi ne wa ya sha, ina aka kai shi. Marubucin yau kuwa, da wasannin kwamfuta da suka biyo sawunsa, ya ba da ƙarfi ga dahuwar kanta: a tsinko ganye a daren farin wata, a daka da wuƙar azurfa, a juya hagu ko dama. Wannan kwaikwayon ɗakin gwajin kimiyya ne aka sa masa rigar bokanci.

Abin da ke damuna shi ne inda labari ke rufe gaskiyar tsiron. Zaƙami na fitowa a juji da bayan gari a ƙasar Hausa, kuma ba banza ake ce masa haukata-yaro ba. Ba ya kawo barcin Ƙutul Ƙulubi. Baki ne ke bushewa, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya ɗau zafi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, mutum ya yi ta surutai yana kama abin da babu, wani ya suma, wani ba ya tashi. Matasan da ke jefa 'ya'yansa a abin sha wajen biki, da miyagun da ke zuba wa matafiya magani a abinci don su yi musu sata, suna wasa ne da wannan tazara da ta gagari Guy de Chauliac.

Ruwan khal ba ya karya wannan guba, kome yawan hikayoyin da suka ce yana yi. Makarin gaske ya fito ne daga wani wake mai dafi na yankin Kalaba a kudancin Nijeriya, wanda a da mutanen Efik kan shayar da wanda ake zargi da maita don a gane gaskiyarsa. Masu wa'azin Kirista 'yan Sikotlan suka aika da shi Edinbara, likitoci suka yi nazarinsa, a 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin. A wannan shekarar wani likitan ido a birnin Prag ya ba fursunonin da suka sha atrofin, gubar da ke cikin dangin zaƙami, ruwan wannan wake, aka ga hankali na dawowa. Har yau fisostigmin na cikin abin da likitoci ke amfani da shi idan gubar zaƙami ta yi tsanani, da awo, kuma ana duban bugun zuciyar majiyyaci, domin shi ma makarin guba ne idan ya wuce kima.