Kafin Magana Ta Kai Gaban Alƙali

A ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, rikicin aure ba ya fara sauka a kotu. Tun zamanin kakanninmu, mace kan keɓe da gwaggonta ko ƙawarta ta amayar da abin da ke cin ranta, namiji kuwa ya nufi zauren malaminsa bayan isha'i. Sai abin ya gagara ake kiran waliyyai. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta a Giwa, maƙwabciyarmu, aka buga a 1954, ya nuna irin nauyin da ƙawance ke ɗauka a rayuwar matan aure. Aikin da masana halayyar ɗan Adam ke yi yau, a da dangi ne ke yin sa kyauta.

Hare-haren 'yan bindiga, da duniya ta ji amonsu lokacin sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, sun warwatsa ƙauyuka da dama. Gwaggo tana Funtuwa, ƙawa tana Katsina, ma'aurata suna ɗakin aro da damuwarsu.

Mu masu koyon rubutu mun cika labaranmu da kishiya da saki. Ya kamata mu tambaya: wa matar da ta baro ƙauyensu take kai wa kuka yanzu?