Daga Gwanja Zuwa Tashar Tema



Duk wanda ya ziyarci tashar jiragen ruwa ta Tema, ya ga kwantenoni jibge bisa juna kamar benaye, manyan injina na ɗaga su daga cikin jirgi, tireloli sun yi jerin gwano a bakin ƙofa, zai iya ɗauka cewa mu 'yan zango baƙi ne a wannan harka. Tarihi bai ce haka ba.

Kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar nan. Ayari kan taso daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni kafin ya isa Salaga, ya koma da goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, goro kuwa ya koma bin teku zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan safara daga Ankara.

A lokacin Ankara ba ta da wurin da babban jirgi zai jingina. Can nesa yake tsayawa, 'yan kwalekwale su ratsa igiyar ruwa da kaya, wani ya isa, wani ya jiƙe. An buɗe tashar Takoradi a 1928, amma ta yi nisa da babban birni. Shi ya sa aka zaɓi Tema, ƙauyen masunta na ƙabilar Ga, aka mayar da mutanensa Tema Manhean, Kwame Nkrumah ya buɗe tashar a 1962. Matatar mai ta biyo baya, sannan masana'antar alminiyam ta VALCO mai aiki da wutar madatsar Akosombo. Masu neman aiki suka kwararo, har Ashaiman ta zama gari, da zangonninta.

Yau kayan Burkina Faso da Mali da Nijar na fita daga Tema su nufi arewa, wajen da ayari ya fito. Abin da madugu ke yi da sanin hanya da sarakunanta, yanzu mai fiton kaya ke yin sa da takardun kwastan da kwamfuta. Direbobi da 'yan dako muna da su. A ofisoshin da ake sa hannu ne muke buƙatar 'ya'yanmu, kuma ƙofar nan sai da karatu.

Iyaye da malamai, a kai yara su ga tashar nan, a gaya musu sana'ar gidansu ce. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.