Layin Tsakiya: Asalin Dokar Komawa Baya

Ƴan'uwa, duk wanda ya taɓa kallon wasan ƙwallon kwando ya ji arbit ya busa usur, ya ce "ratur an zon", gardama ta kaure. Kafin mu zage shi, bari mu ga inda dokar ta samo tushe.

Lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891 a garin Sifiringfil na Amurka, dokoki 13 ya rubuta, kuma babu layin tsakiya a cikinsu. To, mi ya faru? Ƙungiyar da ke kan gaba sai ta ja balo can baya, ta yi ta miƙe-miƙe har lokaci ya ƙare, ƴan kallo na hamma. Shi ya sa a farkon shekarun 1930 aka raba fili biyu, aka ce cikin sakan 10 a ƙetara layi, in an ƙetara kuma ba komawa. FIBA ta rage shi zuwa sakan 8 a 2000, NBA ta biyo baya a 2001.

Ni da nake karatun ilimin harshe, abin da ya ja hankalina shi ne yawancin rigimar a kan ma'anar kalma take. Yaushe za a ce balo ya "shiga gaba"? Ga mai buga shi a ƙasa yana tafiya, sai ƙafafunsa biyu da balon duk sun ƙetara. Layin da kansa ma na baya ne, wanda ya taka shi ya koma ke nan. Sannan laifi bai tabbata sai abu uku sun haɗu: balon yana hannun ƙungiyar a gaba, ɗanta ne na ƙarshen taɓa shi can, ɗanta ne kuma na farkon taɓa shi a baya. In abokin hamayya ya doke shi ya yi baya, ka ɗauka, ba komi.

Arbit da ya haddace "kada a koma baya" kaɗai zai yi ta busa inda babu laifi, usur ɗaya kuma na iya kayar da ƙungiya a mintin ƙarshe. Wanda ya san an kafa dokar don hana ɓata lokaci zai tsaya ya duba sharuɗɗan nan uku kafin ya kai usur baki.